Inda 'Yar Mahauci Ta Fito Daga Ruwa

Aikin gida na 'yar firamare ne ya jawo mana wannan tafiya. A watan Yunin 2024, da gasar Olamfik ta Paris ta ƙarato, malamarsu ta ce kowane yaro ya zaɓi wani ɗan wasa na zamanin da ya rubuta tarihinsa. 'Yata mai shekara 10 ta zaɓo wata Ba'amurkiya, Gertrude Ederle, da ake wa laƙabi da Trudy, macen da ta fara ƙetare tekun da ya raba Faransa da Ingila da iyo. An miƙa aikin, an ba da maki, amma Trudy ba ta bar gidanmu ba. Ina tuƙin tuwo ana ba ni labarinta, ina guga ana ba ni. Ranar da yarinyar ta gano cewa gaɓar da matar ta fito awa uku da rabi ce kacal a mota daga Leicester, inda muke zaune, na san an gama da mu.

Ni 'yar Yawuri ce, a bakin Kwara aka yanke mini cibi, kuma ban iya ruwa ba. Yayyena maza tun suna 'yan shekara bakwai suke faɗawa kogi kamar kwaɗi. Mu mata iyakarmu gwiwa, inda ake wanki. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce an hana, haka dai muka taso muka tarar. To ga shi 'yata tana zuwa wurin koyon iyo duk mako, don a Ingila yana cikin manhajar firamare, ana so yaro ya iya yin mita 25 kafin ya gama. Wataƙila kunyar wannan ce ta sa na goyi bayanta da babanta ya fara zancen tsadar mai.

Tunda za mu ƙetara har Faransa, sai da biza, don koren fasfo muke riƙe da shi. Yuro 90 kowane babba, 45 na yarinya, ban da kuɗin ofishin karɓar takardu da na jirgin ƙasa zuwa Landan. Biza ta fito, sai ga tarzomar farkon Agusta, lokacin da ɓata-gari suka riƙa far wa masallatai da otal-otal ɗin da aka sauke masu neman mafaka a garuruwa da dama. Maigidan ya ce a fasa. Na ce ai an riga an biya. Da ƙura ta lafa muka sa ranar Juma'a 16 ga Agusta, amma ban ɓoye muku ba, sai da na daɗe gaban madubi ina shawarar wane mayafi ne ba zai ja ido ba.

Bayan an sauko daga masallaci muka kama hanya. Manyan titunan M1 zuwa M25 ba abin faɗi sai cunkoso. A gadar Dartford fam 2.50 ake biya a lokacin, amma ba rumfa, ba sanda, ba mai miƙo hannu. Na'ura ce ke ɗaukar lambar mota, kai kuma ka biya ta intanet kafin tsakar daren washegari. Maigidan ya ce shi wannan ya fi ba shi tsoro a kan shingen hanyar Kontagora, don can aƙalla akwai wanda za ka ce wa "ranka ya daɗe, a yi haƙuri".

A kujerar baya ana ta karanto mana tarihi. An haifi Trudy a New York a watan Oktoban 1905. Iyayenta baƙi ne daga Jamus, uban mahauci ne, yana da shagon nama a Manhattan. Da na ji haka na ce ashe 'yar Sarkin Fawa ce, sunan kuwa ya bi ta har muka dawo. Tana ƙarama ƙyanda ta kama ta ta taɓa mata kunne, likitoci suka yi gargaɗi cewa ruwa zai ƙara lalata jin, ita kuwa ba abin da take so kamar ruwan. A Highlands da ke jihar New Jersey, inda suke zuwa hutun bazara, ta koyi iyo. Daga baya ta shiga wata ƙungiyar iyo ta mata zalla da Charlotte Epstein ta kafa a New York a 1917. Ku tuna sai a 1912 aka fara barin mata su yi gasar iyo a Olamfik, Amurka ma ba ta tura nata matan ba sai 1920. A Olamfik ɗin Paris na 1924, shekara 100 cif kafin wanda muka gama kallo a talabijin, Trudy ta samo zinare ɗaya a tseren ba-ni-in-ba-ka na mutum huɗu da tagulla biyu, a mita 100 da mita 400. Wai kuma ta koma gida ranta a ɓace, don zinare uku ta je nema.

Mun isa Dover, garin bakin teku da ake hawa jirgin ruwa zuwa Faransa, da magariba. Masaukin wani tsohon gida ne mai hawa uku, fam 110 ɗakin iyali da karin kumallo, matakalarsa ƙunci kamar ta hasumiyar masallaci. Ban yi barcin kirki ba. Akwai wasu fararen tsuntsayen teku da ke kwana suna kuka kan rufi, kukan kuwa sak na jariri, sau biyu ina zabura.

Da safe, bayan ƙwai da wake da burodi (na roƙi mai gidan tun da dare kada naman alade ya kusanci farantinmu, ta kuwa kiyaye), muka gangara bakin ruwa. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutane sun kai hamsin cikin tashar jiragen, ba ka ganin komai sai huluna ja da rawaya suna kai da kawowa daga wannan bango zuwa wancan. Masu shirin ƙetare tekun ne, duk Asabar da Lahadi na bazara nan suke atisaye, wasu awa shida ba fita. Mata sun kusa rabi. Kuma ba irin jikin da nake zato ba. Na zaci zan ga sirara kamar 'yan tsere, sai na ga mata masu jiki irin nawa, wasu sun haifi jikoki.

Wata dattijuwa da ke zaune kan kujerar roba tana rubuta sunan duk wanda ya shiga da wanda ya fito ta ga yarinya riƙe da littafi, ta yafito mu. Ita ma ta taɓa gwadawa tana da ƙuruciya, sanyi ya fitar da ita bayan awa tara. Ta ce kitsen nan da nake gani da gangan ake tara shi, shi ne bargo. Dokar ba ta canja sosai ba tun zamanin Trudy: kayan iyo na yau da kullum, hula, tabarau, man shafawa, shi ke nan. Jirgin rakiya na gefenka, za a miƙo maka abinci da sanda ko igiya, amma in ka taɓa jirgin ko wani ya taɓa ka, an gama. Ta ce in sa ƙafa in ji. Na tattare zane na taka. Wallahi sai da na yi salati da ƙarfi. Ku ɗauki ruwan randa na asubar hunturu, ku ƙara masa ƙanƙara. Ta duba takardarta ta ce digiri 17 ne, wai yau da ɗumi.

Ita ce ta fahimtar da ni abin da littafin 'yata bai fayyace ba. Tsakanin gaɓa da gaɓa, a inda ya fi ƙunci, kimanin kilomita 34 ne. Amma ba mai yin 34. Ruwan mashigin yana gudu gefe guda kamar awa shida, ya juyo ya yi ɗaya gefen awa shida, saboda cika da janyewar teku. Mai iyo yana fuskantar gaba, ruwa na ɗaukarsa a karkace, sai hanyarsa ta zama kamar tafiyar maciji. In ka makara da rabin awa ruwa ya juya, kana ganin gaɓa da idonka za a wuce da kai. Wannan na gane shi nan take. Duk ɗan Yawuri ya san mai kwale-kwale ba ya nufar inda za shi kai tsaye, sai ya haura sama tukuna ya bar ruwa ya sauko da shi.

Na tambaye ta gwajin Trudy na farko, na 1925, sai ta kwaɓe baki kamar jiya abin ya faru. Mai horar da ita a lokacin, Jabez Wolffe, ya gwada ƙetarewa sama da sau 20 bai taɓa yin nasara ba. Bayan ta yi awa takwas da wani abu a ruwa, ya ce nutsewa take yi, ya umarci wani ɗan Masar mai iyon rakiya, Ishak Helmy, ya riƙo ta. Yana taɓa ta doka ta fitar da ita. Ita kuwa har ta koma Amurka tana cewa hutawa kawai take yi. Dattijuwar ta ce, "Mutumin da ya kasa sau ashirin, kina ganin zai so yarinya ta yi a karon farko a gabansa?" Ban sani ba ko an zalunci Wolffe a wannan zance, mai yiwuwa tsoro ne ya kama shi da gaske. Amma na san irin wannan taimakon, wanda ake riƙo ka don kada ka faɗi alhali ba faɗuwa kake ba. Shi Helmy daga baya, a 1928, ya ƙetare da kansa, kuma a 1950 wani ɗan ƙasarsu, Hassan Abdel Rehim, ya lashe gasar ƙetare mashigin. Maigidan ya ji daɗin wannan, ya ce ashe dai Afirka na da hannu a ciki.

A bakin titin gaɓar akwai gunkin Kyaftin Matthew Webb, wanda ya fara ƙetarewa a 1875, cikin awa 21 da minti 45, da iyon kwaɗo. Shekara 36 aka yi kafin a samu na biyu. Daga nan yarinya ta ja mu wani wuri da ake kira White Horse, inda waɗanda suka yi nasara ke rubuta sunansu a bango. Sai da muka isa ƙofa na ga ashe mashaya ce. Na tsaya turus. Ni da mayafina, a ce an gan ni a nan? Maigidan ya ce, "Hajiya, wa ya san ki a Dover?" Rana tsaka ce, ba kowa sai wasu tsofaffi biyu da kare. Muka sayi lemo uku don kada a ce mun shigo kallo kyauta. Bango, ginshiƙi, har silin, ko'ina rubutu ne da alƙalami: suna, ƙasa, kwanan wata, awa kaza da minti kaza. Indiya, Ostareliya, Meziko, Japan. Yarinya ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana neman Najeriya har wuyanta ya gaji. Minti goma muka yi na ce a fita haka nan.

Da la'asar muka tafi Kingsdown, minti 20 daga Dover ta hanyar Deal. Mun fara labarin ta wutsiya ke nan, don nan ne ta fito. Ƙauye ne ƙarami, hanyar gangarawa ba ta ɗaukar mota biyu. Gaɓar ba yashi, tsakuwa ce zalla manya-manya kamar ƙwan zabi, tafiya a kai sai da dabara. Daga dama farin dutsen alli ya miƙe sama. In ba don ɗan allon tunawa da aka kafa ba, ba abin da zai nuna maka wani abu ya taɓa faruwa a wurin. Wasu na gasa nama, wani na jefa wa karensa ƙwallo.

A nan, daren 6 ga Agustan 1926, wajen ƙarfe tara da rabi, mutanen ƙauyen suka kunna wuta a gaɓa, masu motoci suka haska fitilu, don ta ga inda za ta nufa. Ta fito da ƙafarta bayan awa 14 da rabi da 'yan mintuna. Maza biyar ne kawai suka riga ta a tarihi, kuma wanda ya fi su sauri, Enrique Tiraboschi, awa 16 da minti 33 ya yi. Wato ba ƙetarewa kawai ta yi ba, ta zabge kusan awa biyu daga abin da namiji mafi gwaninta ya yi. Shekarunta 20. Abin da ya fi ba ni dariya, kuma ya fi tsaya mini a rai, shi ne cikin waɗanda suka fara tarbarta har da jami'in shige da fice na Ingila, yana tambayar fasfo. Mace ta fito daga teku jiki duk maiƙo, harshe ya kumbura da gishiri, a ce ina takardunki. Na ce wa maigidan ashe abin nasu gado ne.

Da dare muka sayi kifi da dankali a takarda, fam 11 kowane, bayan na tabbatar da man gyaɗa ko na ganye aka soya kuma ba giya a ƙullun. Ba gishiri ba yaji, sai da na ciro ƙullin yajina daga jaka. A nan ne maigidan ya tuna cewa tun da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai ba a shiga Faransa da nama ko madara daga nan. Ga ni da rabin roba na dambun naman da aka aiko mini daga gida, ina ta tattalinsa tun Babbar Sallah. Zubarwa? Allah ya kiyaye. Muka zauna mu uku a kan gado muka cinye shi tas, har yarinya na cewa cikinta zai fashe. Washegari ko buɗe jakar ba wanda ya yi.

Jirgin fito da mota, zuwa da dawowa, ya ci fam 180. Abin mamaki, tun a Dover 'yan sandan Faransa ke duba fasfo. Motocin da ke gabanmu masu jan fasfo da shuɗi daƙiƙa kaɗan suke yi. Mu sai da aka juya kowane shafi, aka tambayi ina za mu kwana, yaushe za mu dawo, aka leƙo aka ƙirga mu, sannan aka buga hatimi. Cikin ladabi dai, ba zan yi musu ƙarya ba.

Awa ɗaya da rabi jirgin ke yi. Ranar akwai iska, kafin mu yi nisa cikina ya fara juyawa, na fita waje na riƙe ƙarfe. Jirgi ne mai ɗaukar manyan motoci sama da ɗari, amma ruwan na wasa da shi. Ga jiragen dakon kaya jere kamar tireloli a hanyar Legas, don wannan mashigi na cikin hanyoyin ruwa mafi cunkoso a duniya. Na leƙa ƙasa na ga ruwan, kore mai duhu, na yi ƙoƙarin hango kan mutum ɗaya a ciki. Ranar da Trudy ta shiga, da safe lafiya lau, da rana iska ta taso, zuwa yamma teku ta haukace har waɗanda ke cikin jirgin rakiyarta, Alsace, suna amai. Sabon mai horar da ita Bill Burgess ne, mutum na biyu da ya ƙetare, a 1911, bayan ya sha kasawa. A jirgin akwai babanta, wanda ya yi mata alkawarin jar mota in ta kai, da yayarta Margaret. Tun kafin a tashi an yi sharaɗi ba mai taɓa ta sai in ita ta nema. Da abin ya tsananta wani ya ƙwala mata kira ta fito haka nan. Ta ɗago kai ta ce, "Don me?" Ta ci gaba. An ƙiyasta da karkace-karkacen da ruwa ya yi da ita ta yi kusan kilomita 56. Ni kuwa ina kan jirgi mai kujeru da shagon shayi, na amayar da dambun da na yi wa tattali.

Shiga Calais ba daɗin gani. Shingen waya fari dogo, ninki biyu, da reza a sama, ya bi titi har inda ido ya ƙare. Sai kuma ga tuƙi ya koma hannun dama. Maigidan ya yi murna wai mun dawo hannun gida, ya manta sitiyarinsa na ɓangaren da bai dace ba, duk shataletale sai na leƙa na ce masa taho ko tsaya. Shi mutumin Kamba ne, yana da ɗan Faransancin kasuwar Gaya, wanda ya ishe mu sayen mai da burodi. Burodin kuwa irin dogon nan ne na Nijar, yuro ɗaya da 'yan canji, ya karya ya ce ƙamshin yarintarsa ke nan.

Cap Gris-Nez kimanin kilomita 30 ne daga Calais ta hanyar bakin teku, a wuce Wissant. In ka fassara sunan kai tsaye, hanci mai ruwan toka ke nan, akwai kuma farin hanci, Blanc-Nez, kafin a kai. Tsauni ne da ya kutsa cikin ruwa, a kansa hasumiyar fitila da tashar da ke sa ido kan jiragen mashigin, ko'ina kuma ragowar ramukan kankare da sojojin Jamus suka gina a yaƙin duniya na biyu, tumaki na kiwo a kansu. Sararin ya washe, sai ga Ingila can, farin layi siriri kamar an ja da alli. Kusa take a ido. Wannan kusancin ne mugun abu.

Muka gangara ƙaramar gaɓar da ke ƙasan tsaunin. Daga nan ta shiga, jim kaɗan bayan ƙarfe bakwai na safe. An lafta mata man zaitun, da maiƙon gashin tumaki, da basilin, da kitse, har ba a gane fatarta. Tabarau irin na masu babur ne, aka toshe gefensa da kakin kyandir don kada ruwa ya shiga. Rigar iyon ita da yayarta suka yanka ta gida biyu don ta shekarar baya ta goge mata fata, abin da a lokacin ya isa a yi ta surutu. Kuma ba iyon kwaɗo ta yi ba, irin na wurga hannu ta yi tun daga farko har ƙarshe, wanda masana lokacin ke cewa ba ya kai mutum nesa. Yau ba a tashi daga wannan gefen, hukumomin Faransa sun hana, kowa daga Ingila yake farawa ya nufo nan. Yarinya ta cire takalmi ta shiga har gwiwa. Na buɗe baki zan ce ta fito, sai na ji muryar da zan yi amfani da ita, muryar Innata ce sak a bakin wanki. Na yi shiru, amma ban saki gefen rigarta ba.

A Calais muka kwana, yuro 95, ɗakin ya fi na Dover faɗi. Da dare muka nemi shagon nama na halal kusa da tashar jirgin ƙasa. Muna jira ina yi wa yarinya faɗa da Hausa kan ta ɓata wando da ruwan teku, sai wani saurayi siriri da ke tsaye a bakin ƙofa ya matso.

"Hajja, ku Hausawa ne?"

Hausarsa da nauyin Larabci a ciki. Ɗan Sudan ne, daga yankin Gadarif. Ya ce kakanninsa daga ƙasar Sakkwato suka taso za su Makka a ƙafa, suka zauna a hanya. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ne ya fito da shi, ta Libiya, ta Italiya. Wata huɗu yana kwana a tanti a bayan gari yana jiran jirgin roba da zai ƙetare da shi Ingila, 'yan sanda na tashinsu duk bayan kwana biyu. Maigidan ya sa aka ƙara masa abinci, ya zauna da mu yana ci a hankali, irin cin mai jin kunya. Ya tambayi abin da ya kawo mu. Ban taɓa jin nauyin amsa tambaya kamar wannan ba. Yarinya ce ta amsa, da murnarta, ta ba shi labarin Trudy tun daga shagon nama. Ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushi ya ce, "Masha Allah. Awa goma sha huɗu."

Na ce, "Ƙanena, ka iya ruwa?"

Ya girgiza kai. Ya ce cikin waɗanda suke tare ba wanda ya iya.

Na san a Nuwamban 2021 mutum 27 suka mutu a dare ɗaya a wannan ruwan, da jirgin robarsu ya nutse suna ƙoƙarin shiga Ingila. Na san kuma a shekarar nan ɗin dai jirgi ya kife a Kwara kusa da Warra, ƙasa da mu kaɗan, da mutum fiye da 100, akasarinsu 'yan kasuwa da mata da yara, sannan na Bagwai a Kano ya tafi da 'yan Islamiyya. Mu ne masu karin maganar iya ruwa fid da kai, mu ne kuma ke jin malamai na kawo maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Ban taɓa jin an ce 'ya'ya maza kaɗai ba. Duk wannan ya zo mini a wurin, amma ba abin da na iya ce wa yaron sai Allah ya tsare. Maigidan ya ce masa kada ya hau, ya nemi mafaka a nan Faransa. Ya ce to, irin to ɗin da ake ce wa babba.

Da safe a tashar jirgi, jami'an Birtaniya ne ke duba takardu tun a Calais. Aka karɓi fasfo da katin zama, aka buɗe but, kare ya shinshina, aka haska ƙarƙashin kujeru. Teku ranar kwance take kamar tabarma.

A hanyar dawowa na karɓi littafin na karanta sauran da kaina, don yarinya ba ta son wannan ɓangaren. New York ta tarbe ta da taron da aka ƙiyasta mutum miliyan 2, Shugaban Amurka Coolidge ya gayyace ta fadarsa. Amma kafin watan ya ƙare wata matar, Mille Gade Corson, uwar 'ya'ya biyu, ta ƙetare, sannan wani Bajamushe, Ernst Vierkötter, ya karɓe kambun sauri. Na mata dai ya zauna a hannunta har 1950, da Florence Chadwick ta karya shi. Kuɗin da aka yi mata hasashe bai zo yadda aka zata ba, ta yi ta yawon nuna iyo a cikin tankin gilashi a gidajen wasa har ta gaji. A 1933 ta faɗo daga matakala ta ji ciwo a baya, ta shekara da shekaru tana jinya, amma ta sake shiga ruwa gaban jama'a a babban bajekolin New York na 1939. Kunnen da likitoci suka yi gargaɗi a kai ya tafi kusan gaba ɗaya. Sai ta koma koya wa yara kurame iyo a New York. Ba ta yi aure ba. Ta rasu a Nuwamban 2003 tana da shekara 98.

Mun shiga Leicester da isha. Washegari na kira Inna a Yawuri, don tun kafin mu tafi take tambayar wace irin ziyara ce wannan da ba dangi ba asibiti. Na ba ta labari, har da maiƙo da jami'in fasfo. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke ɗiyar nan, kuɗi kunka kashe don ku ga inda mace ta fito daga ruwa? Ai da kin tambaye ni."

Na ce, "Tambaye ki me, Inna?"

Ta ce uwarta, kakata da ban taɓa gani ba, 'yar gungu ce, a tsibiri aka haife ta, tun kafin madatsar Kainji ta 1968 ta cinye garinsu a tashe su. Ranar kasuwa in jirgi ya cika ba ta jira. Sai ta naɗe zane a ka, ta ɗora kayanta a babbar ƙwarya, ta tura ta gaba ta bi ta da iyo har gaɓa. Ita da ƙawayenta duka, har da mai ciki.

Na ce, "Inna, shekara arba'in ban taɓa jin wannan ba. Ke fa, kin iya?"

Ta ce, "Da na iya. Da anka kawo ni gidan babanku cikin gari anka ce ba a yi." Sai ta ce in ba ta jikarta, tana so ta ji ko ruwan can da gaske gishiri gare shi.